Sabuwar Firamare da Tsohuwar Iyaka: Nazari kan Sake Shata Yankunan Makarantu a Yammacin Manhattan

A daren 22 ga Nuwamba 2016, Majalisar Ilimi ta Gunduma ta 3 a birnin New York na ƙasar Amurka ta kaɗa ƙuri'a kan sabuwar taswirar da za ta fayyace firamaren da kowane yaro zai shiga a unguwar Upper West Side, wadda take yammacin tsibirin Manhattan. Mutum tara suka amince, ɗaya ya ƙi. Kafin a kai ga wannan dare an shafe fiye da shekara guda ana tarurruka ana kai ruwa rana, har da ihu da zarge-zarge, kuma an riga an janye wata taswirar a 2015 saboda ba ta gamsar da kowa ba. A takarda lamarin ba shi da wuya: ga makaranta ta cika ta batse, ga wata kusa da ita da guraben da babu mai nema, ga kuma sabon gini da za a buɗe a watan Satumban 2017. Duk wanda ya iya lissafi zai ce a raba yaran kowa ya huta. Wannan nazari yana bin diddigin abin da ya hana lissafin isa, da kuma shawarwarin da suka sa taswirar ta biyu ta tsallake inda ta farko ta faɗi.

Yadda tsarin yake

A New York, kamar a mafi yawan biranen Amurka, adireshin gida ne yake zaɓa wa yaro firamaren gwamnati. A wurinmu uba yakan ɗauki ɗansa ya kai shi makarantar da ya ga dama, in hedimasta ya karɓa shi ke nan. Can kuwa kowace makaranta tana da yankin da aka shata mata titi-titi, wani lokaci ma gini-gini, kuma yaron da gidansu ya faɗo cikin yankin shi ne yake da fifiko a kan guraben ajin share fage, wanda ake shiga a shekarar da yaro zai cika biyar. Birnin yana da gundumomin ilimi 32, kuma a lokacin wannan taƙaddama ɗalibansa sun kai kimanin miliyan 1.1. Tun 2002 aka miƙa ragamar makarantun ga magajin gari, aka rushe tsofaffin hukumomin unguwanni, aka maye gurbinsu da majalisun iyaye waɗanda galibin aikinsu ba da shawara ne. Ikon da aka bar musu mai ƙarfi shi ne amincewa da iyakokin makarantu ko ƙin amincewa. Ma'aikatar Ilimi ce take zana taswira, amma taswirar ba ta fara aiki sai majalisar gunduma ta yarda. Mambobin majalisar kuwa 'yan sa kai ne, mafi yawansu iyayen yara, waɗanda da safe za su haɗu a bakin ƙofar makaranta da mutanen da suka ɓata wa rai da dare.

Makarantu biyu, tituna tara

Firamare mai lamba P.S. 199 (P.S. gajarcen Public School ne, wato makarantar gwamnati) tana kan titi na 70, a tsakiyar rukunin dogayen benaye guda takwas da ake kira Lincoln Towers. A lokacin, kusan kashi biyu cikin uku na ɗalibanta farar fata ne, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a cikinta kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan yaranta suna cin jarrabawar jiha, kuma ƙungiyar iyayenta tana tara ɗaruruwan dubban daloli duk shekara don biyan mataimakan malamai da darussan da kasafin gwamnati bai ɗauka ba. Wannan suna da ta yi shi ne ya jawo mata matsala. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 ake ta kafa sababbin benaye a bakin kogin Hudson, a filin da a da yake tashar ajiye taragon jirgin ƙasa, sai iyalai masu ƙananan yara suka yi ta kwarara cikin yankinta, wasunsu ma saboda makarantar suka sayi gida a wurin. Ɗalibanta suka doshi 900 a ginin da ba a yi shi don ɗaukar haka ba. A 2015 yaran da suke zaune cikin yankin amma suka rasa gurbin share fage sun kusa ɗari, kuma jerin masu jiran nata yana cikin mafiya tsawo a birnin baki ɗaya.

Ga yadda cunkoson yake aiki a zahiri. A lokacin, yarjejeniyar da ke tsakanin birnin da ƙungiyar malamai ta ƙayyade yara 25 a ajin share fage, don haka makarantar da take da ɗakuna biyar na wannan aji ba za ta wuce yara 125 ba. Idan aka matsa mata ta buɗe na shida, ba ɗaki ɗaya ta ci bashi ba, domin wannan ayarin zai bi ta aji ɗaya, aji biyu, har zuwa aji biyar, kowace shekara yana neman ɗakinsa. Abin da makarantun birnin suke yi a irin wannan hali sananne ne: ɗakin zane da na kiɗa su koma azuzuwa, a fara ba yara abincin rana tun da hantsi saboda ɗakin cin abinci ba ya ɗaukarsu a lokaci guda.

Tituna tara kudu da nan, a kan titi na 61, P.S. 191 take a lokacin, daura da Amsterdam Houses, gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da aka kammala a 1948, benaye 13 masu gidaje fiye da dubu. Mafi yawan ɗalibanta baƙar fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, fiye da kashi 70 cikin ɗari daga gidajen talakawa suke, kuma ƙalilan ne suke cin jarrabawar jiha. A bazarar 2015 Jihar New York ta saka ta cikin jerin makarantun da ta ce haɗari ya zame musu jiki, bisa rahotannin faɗace-faɗace da makarantar ta rubuta da hannunta. Iyaye da malamanta sun musanta wannan tambari, suka ce yadda aka rubuta rahotannin ne ya kumbura lamarin, kuma a shekarar da ta biyo baya aka cire ta daga jerin. Sai dai an riga an yi ɓarna, domin tambarin ya fito ne daidai lokacin da ake shirin ce wa wasu iyayen P.S. 199 su kai 'ya'yansu can.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi sosai a nan, don shi ne ginshiƙin lamarin. Yankin P.S. 191 bai taɓa zama na talakawa zalla ba. Akwai benayen masu hali da yawa a cikinsa. Yaran waɗannan benaye ne ba sa zuwa. Iyayensu sukan kai su makarantun kuɗi, ko su nema musu azuzuwan masu hazaƙa a wasu makarantun gwamnati, ko makarantun nan da ake ba kuɗin gwamnati amma masu zaman kansu ke gudanarwa, ko kuma su tashi daga unguwar kafin yaro ya kai shekara biyar. Guraben da suka bari sai a cike wasu da yaran da suke zuwa daga wajen yankin. Ma'ana, tun kafin a taɓa taswira, tsohuwar iyakar ta riga ta nuna cewa zana gida cikin yankin makaranta daban ne da ganin yaron gidan a cikin aji. Mai tsara taswirar da ya ƙidaya guraben P.S. 191 a matsayin maganin cunkoson P.S. 199, bai ƙidaya abin da ke cikin zuciyar iyayen ba.

Rabuwar ba ta faɗo daga sama ba. Wurin da waɗannan makarantu suke a da ana kiransa San Juan Hill, unguwa ce ta baƙar fata da 'yan Puerto Rico. A ƙarshen shekarun 1950, ƙarƙashin shirin sabunta birni da Robert Moses, babban jami'in tsara birnin a wancan zamani, ya jagoranta, aka rushe mafi yawanta, aka tashi dubban iyalai, aka gina cibiyar kiɗe-kiɗe da wasan kwaikwayo ta Lincoln Center da benayen Lincoln Towers, sannan aka buɗe P.S. 199 a farkon shekarun 1960. Amsterdam Houses suka rage a tsakiya, dukiya ta kewaye su ta kowane gefe. A tsakiyar shekarun 1960 ɗin ma, a zamanin da ɗalibai fiye da 400,000 suka ƙaurace wa makarantun birnin ranar 3 ga Fabrairu 1964 don nuna adawa da wariya, an taɓa yunƙurin gyara layin da ke tsakanin makarantun biyu, wasu iyayen Lincoln Towers suka garzaya kotu. Bayan rabin ƙarni sai ga gardamar ta dawo kusan a kan titunan da aka bar ta. A 2014 kuma wani rahoto na masu binciken haƙƙin ɗan ƙasa a Jami'ar California da ke Los Angeles ya bayyana Jihar New York a matsayin wadda makarantunta suka fi na kowace jiha rabuwa ta fuskar launin fata, abin da ya sa duk wata maganar iyaka a birnin ta daina zama ta cunkoso kawai.

Yunƙurin farko da abin da ya kayar da shi

Taswirar da Ma'aikatar Ilimi ta kawo a kakar 2015 ta ɗauki hanya mafi sauƙi: a yanko wasu tituna daga kudancin yankin P.S. 199 a liƙa wa P.S. 191. Iyayen da abin ya shafa suka ce ba za su kai 'ya'yansu makarantar da jiha da kanta ta ce tana da haɗari ba. Masu fafutukar cuɗanya ɗalibai suka ce taswirar ta bar Amsterdam Houses gaba ɗaya a makaranta guda, ta bar P.S. 199 yadda take, sai ma ƙara tacewa da ta yi. Majalisar ba ta ga abin da za ta kare ba, ma'aikatar ta janye. Shugabannin birnin ma ba su nuna za su tsaya wa kowa ba. Magajin garin na lokacin, Bill de Blasio, ya ce dole a mutunta iyalan da suka zuba dukiyarsu suka tsara rayuwarsu saboda makarantar da ɗansu zai shiga, ita kuma shugabar makarantun birnin, Carmen Fariña, ta nuna ta fi son cuɗanyar ta taso daga unguwanni da kanta, ba a ɗora ta daga sama ba. Nauyin ya koma kan iyaye 'yan sa kai.

Wa za a ba sabon gini?

A nan ne sabuwar makarantar ta shigo. A ƙarshen 2010 majalisar birnin ta amince wa kamfanin gine-gine na Extell ya kafa rukunin benaye mai suna Riverside Center tsakanin titi na 59 da na 61, da sharaɗin a keɓe wurin makarantar gwamnati a cikinsa. Shirin farko shi ne a buɗe sabuwar makaranta fil, da sabon suna, sabuwar lamba, sabon shugaba da nata yankin. Idan aka dubi adadi kawai, wannan shi ne daidai: sababbin gurabe ɗaruruwa a daidai inda yara suke ƙaruwa.

Amma ginin yana titin da P.S. 191 take, tazararsu tafiyar 'yan mintoci ce. Da an buɗe sabuwar makaranta a can aka shata mata benayen bakin kogi, da sakamakon a bayyane yake. Duk iyalin da yake da zaɓi zai nufi sabon gini mai sabon suna, P.S. 191 ta rasa 'yan tsirarun masu halin da take sa ran jawowa, a wayi gari da makarantu biyu a titi ɗaya, ɗaya ta masu benaye, ɗaya ta 'yan gidajen gwamnati. Tun da a New York kuɗin makaranta yana bin kan ɗalibi ne, raguwar yara tana nufin raguwar malamai da darussa, wanda shi kuma yana ƙara korar iyaye. Da an warware cunkoson P.S. 199, an kuma gina sabuwar katanga da kuɗin jama'a.

Shawarar da aka yanke ita ce a ɗauke P.S. 191 ɗungurungum, da malamanta da ɗalibanta, a mayar da ita sabon ginin, ta kuma ɗauki sabon suna, Riverside School for Makers and Artists. A ganina wannan ce shawara mafi nauyi a cikin lamarin duka, ta fi kowane layi da aka ja a taswira. Ta ba yaran Amsterdam Houses, waɗanda aka saba bari da tsohon gini, damar zama na farko a sabo. Ta kuma ba ma'aikatar abin da za ta nuna wa uwar da ake ce wa ta bar P.S. 199, domin akwai bambanci tsakanin a tura mutum makarantar da yake tsoro da a gayyace shi ya zo ya ga sababbin ɗakuna. Gini ba ya koyar da karatu, kuma babu wanda ya yi iƙirarin haka, amma yana sa wanda ya rantse ba zai taka ƙafarsa ba ya yarda ya leƙa.

Wannan ya bar tambayar abin da za a yi da tsohon ginin P.S. 191. Amsar da aka samo ta haifar da rigima ta biyu. A lokacin, a kan titi na 77 akwai P.S. 452, ƙaramar firamare da aka buɗe a 2010 don rage wa P.S. 87 cunkoso, wadda take zaman haɗaka da wasu makarantu a gini ɗaya ba tare da wurin faɗaɗawa ba, kuma mafi yawan ɗalibanta 'ya'yan masu hali ne. Aka ce ta tattara ta koma titi na 61, tituna 16 kudu da inda take. Kan iyayenta ya rabu: wasu suka ga damar mallakar gini nasu na kansu, wasu suka ce sun zaɓi makarantar da za su raka ɗansu a ƙafa, yanzu an mayar da ita ta shiga mota. Ɗauke ta daga arewa kuma ya tilasta raba tsohon yankinta ga makarantun da ke maƙwabtaka, kowacce ta karɓi wasu tituna ta saki wasu. Da haka gyaran da ya faro da makarantu biyu ya ƙare da taɓa iyakokin makarantu 11. Mai son ya gane aikin shata iyaka ya tuna da ɗinkin riga, wadda in an rage ta a kafaɗa sai an bi hannu da wuya an daidaita.

An tattauna wasu hanyoyin aka ajiye. Akwai shawarar tagwaita makarantun biyu, yadda duk yaran yankunan za su yi ƙananan azuzuwa a gini ɗaya, manyan azuzuwa a ɗayan. Akwai ta haɗe yankunan su zama ɗaya a raba yara ta hanyar ƙuri'a. Akwai kuma tsarin da birnin Cambridge na Jihar Massachusetts ya fara a 1981, inda ake soke iyakoki gaba ɗaya, iyaye su jera makarantun da suke so, hukuma ta raba gurabe tana lura da kada wata makaranta ta tara ɗalibai iri ɗaya fiye da kima. Mamba ɗayan da ya ƙi amincewa a daren ƙuri'a yana ganin taswirar ba ta yi nisan da ya kamata ba. Dukkan hanyoyin uku suna da aibi ɗaya a idon iyayen unguwar, wato suna kawar da tabbacin da adireshi yake bayarwa, kuma majalisar ta fahimci ba ta da ƙarfin da za ta iya ɗaukar wannan faɗa.

Taswirar da ta tsallake

A watan Oktoban 2016 majalisar ta yi abin da ba a saba gani ba. Maimakon ta jira ma'aikatar ta kawo taswira ta ce i ko a'a, sai ta rubuta mata wasiƙa ta zayyana irin taswirar da za ta amince da ita, kuma abin da ma'aikatar ta gabatar daga baya ya bi wannan fasali. Jigonsa shi ne raba benayen Amsterdam Houses tsakanin makarantu uku, P.S. 191 a sabon gininta, P.S. 452 a sabon mazauninta, da P.S. 199, domin kada makaranta ɗaya ta ci gaba da ɗaukar talaucin unguwar ita kaɗai. Ma'aunin da aka fi jingina da shi shi ne kason 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da ake hasashen kowane yanki zai samu. Dalilin hakan yana da nasaba da shari'a. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka, a ƙarar da ta shafi biranen Seattle da Louisville, ta hana raba wa ɗalibai makarantu ɗaya bayan ɗaya bisa launin fatarsu, ko da yake Mai Shari'a Anthony Kennedy ya bayyana cewa hukuma tana iya zaɓen wurin gina makaranta da shata iyakoki tana sane da irin mutanen da ke zaune a unguwanni. Ta wannan ƙofa taswirar ta bi.

Sai dai don P.S. 199 ta rage cunkoso kuma ta karɓi yaran Amsterdam Houses a lokaci guda, dole ta saki gidaje fiye da yadda cunkoson kaɗai zai buƙata. Waɗanda abin ya faɗa wa har da benaye biyu na Lincoln Towers, masu lamba 165 da 185 a kan titin West End, aka mayar da su yankin P.S. 191. A nan wutar ta fi ruruwa. Mazauna benayen suna iya hango filin wasan P.S. 199 daga harabarsu, sauran benaye shida na rukuninsu sun ci gaba da zama cikin yankinta, ga shi an ce 'ya'yansu su bi babban titi mai cunkoson motoci su nufi kudu. Suka cika ɗakunan taro da kwalaye, suna cewa an raba musu al'umma. Takardun da aka rarraba a benayen sun gargaɗi har waɗanda ba su da yara cewa darajar gidajensu tana iya faɗuwa. 'Yar majalisar dokokin jiha mai wakiltar yankin, Linda Rosenthal, ta tsaya tare da su, yayin da 'yar majalisar birni Helen Rosenthal ta goyi bayan taswirar, ta kuma sha suka a kan haka. Sunan mahaifi ne kawai ya haɗa matan biyu.

Ba adalci ba ne a ce duk ƙorafin nan fakewa ce da guzuma. Uban da ya ce bai ga dalilin da ɗansa mai shekara biyar zai wuce makarantar da ke ƙofar gida ya tafi wata ba, maganarsa tana da tushe, kuma kusanci yana cikin ma'aunan da kowace hukumar ilimi take dubawa. Amma a unguwar da aka gina ta a rabe da gangan, bin kusanci zalla yana nufin kwafe rabuwar gidaje a zuba ta cikin azuzuwa. Maganar darajar gida kuwa ta tona abin da ba a cika faɗa a fili ba: gurbin makarantar gwamnati, wanda ake cewa kyauta ne, an riga an saka kuɗinsa cikin farashin gida, wanda ya biya kuma yana ganin ya saya. Majalisar ta ƙi karɓar wannan fahimta, kuma ina ganin ta yi daidai, domin babu dokar da ta yi wa mai sayen gida alkawarin cewa iyaka ba za ta motsa ba.

Muryar da ba ta fito sosai ba ita ce ta iyayen Amsterdam Houses, alhali su ne aka raba gida uku. Waɗanda suka mamaye tarurrukan su ne masu lokaci da sanin hanyar hukuma da iya magana a gaban makirufo. Su ma talakawan suna da nasu abin tsoro. Yaron da ya fito daga gidan gwamnati ya shiga ajin da kusan kowa ɗan masu hali ne yana iya zama bare, kuma uwarsa tana iya rasa ta cewa a ƙungiyar iyayen da ake maganar dubban daloli. Akwai kuma batun tallafin gwamnatin tarayya da ake ba makarantun da talakawa suka yi yawa a cikinsu, wanda yakan yanke idan kasonsu ya sauka ƙasa da wani mataki, ko da kuwa yaran da suke buƙatarsa suna nan ba su tafi ko'ina ba. Irin wannan fargaba ta fito fili a Brooklyn, inda aka sake shata iyaka tsakanin P.S. 8 da P.S. 307 a watan Janairun 2016, iyayen makarantar talakawan suka nuna tsoron kada baƙi masu hali su zo su karɓe musu makarantar da suka sha wahala suka gyara.

Abin da ya biyo baya

Kamar yadda aka saba a birnin, sabuwar taswirar ba ta tashi yaro ko ɗaya daga makarantar da yake ciki ba. Ta fara aiki ne a kan masu shiga ajin share fage a watan Satumban 2017, kuma an bar wa ƙannen ɗaliban da suke ciki fifikonsu a makarantar yayyensu. Wannan sassauci shi ne ya sa ake iya haɗiye irin wannan gyara, amma yana da tsada. Firamaren da ke da azuzuwa shida, daga share fage zuwa aji biyar, sai ta shekara shida kafin duk ɗalibanta su zama 'yan sabuwar iyaka, kuma fifikon ƙanne yana ƙara jan lokacin. A tsawon waɗannan shekaru hasashen da aka gina taswirar a kansa yana tsufa: ana kafa sababbin benaye, haihuwa tana raguwa ko ƙaruwa, iyalai suna tashi. Hanyoyin zillewa da suka rage wa tsohon yankin P.S. 191 yara kuma ba a toshe ko ɗaya daga cikinsu ba, don ba su cikin ikon majalisar. Saboda haka duk wanda zai auna nasarar wannan gyara, adadin yaran da suka zauna a aji zai duba shekara bayan shekara, ya kwatanta da adadin da aka yi hasashe.

P.S. 191 ta buɗe a sabon gininta a watan Satumban 2017, P.S. 452 ta tare a titi na 61. Gardamar kuma ta hau aji na gaba tare da yaran. A 2018 Gunduma ta 3 ta amince da tsarin da ya ware kashi 25 cikin ɗari na guraben ƙananan sakandarenta don ba da fifiko ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da suke baya a karatu, kuma taron da ya fi jan hankali a kan batun, wanda bidiyonsa ya zaga ƙasar bayan sabon shugaban makarantun birnin Richard Carranza ya yaɗa shi, a P.S. 199 aka yi shi. Daga nan annobar korona ta zo ta rage wa makarantun birnin dubun dubatar ɗalibai, makarantun da a da ake rububin gurabensu suka sami sarari. A 2022 kuma Jihar New York ta kafa dokar da ta wajabta wa birnin rage yawan yara a aji sannu a hankali, zuwa 20 daga share fage har aji uku. Ɗakuna biyar da suke ɗaukar yara 125 a lokacin da aka zana taswirar 2016 za su koma ɗaukar 100.